Tulun Baƙi

Zoben ya yi kore tun kafin kofin ya kai bakin Injiniya Barira. Zoben-gwaji ne, irin na manyan ma'aikatan ruwa a birnin Tsaunin Gamji. Ɗigo ɗaya ya ishe shi: in ruwa lafiyayye ne ya yi kore, in da gubar masana'antu ya yi ja.

Ita kuwa ja ta zata. Nan fa Gangare ce, unguwar da ita da bakinta ta gaya wa majalisar birni cewa kai mata bututun Uwar-Tata, babbar na'urar tace ruwa, ya fi ƙarfin aljihun hukuma. A ɗage dokar tsabtar ruwan sha a can tukuna, in ji ta, ai gubar kaɗan ce, sai an daɗe ana sha take taɓa ƙoda. Aka yi ta tafa mata. Ranar har sabon leshi ta ɗinka.

Abin da ba ta faɗa wa majalisa ba shi ne a Gangare Gwaggo Lantana take, ƙanwar mahaifinta da ta goye ta. Yau Barira ta zo ne ta faɗa mata gaskiya.

"Gwaggo, ruwan nan na famfonku ne?"

"Haba, 'yar nan! In ba ki namu? Na tulun baƙi ne. Can unguwar Tudu nake hawa in roƙo a gidan da nake wanki. Namu an ce bai dace da cikin manya ba, kar ki zo in ji kunya."

Barira ta dubi ƙafafun tsohuwar, sun kumbura har silifa ba ta shiga. Kunya ta rufe ta, ta fasa faɗin maganar da ta shirya tun a mota. Tana kallo Gwaggo ta buɗe famfo, ta tara hannu, ta kora ƙwayar maganinta.

Da ta tashi tafiya, Gwaggo ta kama hannunta da jiƙaƙƙen tafinta tana sa mata albarka. Zoben ya yi ja wur.

"Ikon Allah, har launi yake sakewa!" in ji Gwaggo tana jujjuya yatsan. "Wallahi jan ya fi yi miki kyau."