A Fesa wa Tsumma

Ranar Talata da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata Auta ta shiga shagon mai firam, rungume da wani abu cikin tawul. Malamar lissafi ce, kuma satar jiki ta yi daga makaranta, minti arba'in kacal gare ta.

Mai firam ɗin saurayi ne dogo, da fensir a bayan kunne. Bai dube ta ba sai da ya gama duban abin da ta kawo. Ta lura da hakan.

Firam ne na busassun furanni guda bakwai, an danne su sun kwanta a kan farin kwali. A kusurwar ƙasa ta hagu wasu baƙaƙen ɗige-ɗige sun fito.

"Fumfuna ce," in ji shi. "Wa ke yi masa wanka?"

"Wanka kuma?"

"Ruwa na shiga ta ƙasa. Furannin nan jajaye ne a da, ko?"

"Jajaye ne."

"Ga su sun koma kalar shayi mai madara. Rana ke cin su. A ina yake rataye?"

"A falo. Yana kallon taga."

Ya dafe kai kamar an aiko masa da saƙon rasuwa.

Furannin na mahaifiyarta ne. Baba ne ya tsinko su a gefen titi ranar da ya fara zuwa wurinta, ita kuma ta danne su cikin littafi, daga baya ta sa aka yi musu firam. Tana raye a lungun korido yake, ita kaɗai ke taɓa shi. Da ta rasu, shekara huɗu ke nan, Baba ya dawo da shi falo inda kowa zai gani.

Shi kuwa Baba shekara talatin da biyu ya yi yana wanke gilashin dogayen gine-gine. Ritaya ta raba shi da igiya da tsani, ba ta raba shi da kwalbar feshi ba. Kullum da safe firam ɗin na shan fesawa shida.

"Bar mini shi kwana uku," in ji mai firam.

"Kwana uku? In azahar ta yi bai gan shi a bango ba, 'yan sanda zai kira."

Sai ya yago guntun kwali ya rubuta mata dokoki: a raba shi da rana, a raba shi da danshi, a fesa wa tsumma ba gilashi ba. A ƙasa ya sa lambar waya.

"Wannan fa?"

"Ko da jikin zai tashi."

"To, Likita."

A nan ne ya dube ta sosai, fensirin ya faɗo daga kunnensa.

Jikin bai tashi ba, amma wayar ta yi aiki. Ta tura masa lambarta a daren, saƙonsa na farko ya zo washegari: "Barka da asuba. Ya mai jiki? A ja masa labule daga goma zuwa huɗu."

Ta amsa: "Mai jiki ya sha fesawa shida. Mai jinya lafiya lau, tun da ba a tambaya ba."

Minti biyu sai ga wani: "Ya mai jinya?"

Cikin wata uku ya raɗa mata suna Inuwata. Ta ce 'yan mata ana kiran su haske, ita kuma an mayar da ita inuwa. Ya ce a sana'arsa haske ɓarna yake yi, duk abin da ake so ya daɗe inuwa ake nema masa. Ta yi lissafi, ta ga ya ci.

Ranar da zai zo gaida Baba ta ja masa kunne sau uku. "Ka gaishe shi, ka zauna, ka sha lemo. Kada ka kalli bango."

Ya zo da ƙarfe tara na safe, wanda shi ne kuskuren farko. Baba na tsaye gaban firam ɗin, ya fesa ɗaya, ya fesa biyu. Auta na kallon ruwan yana gangarowa a hankali zuwa kusurwar ƙasa. A fesawa ta uku Likita ya miƙe daga durƙuson gaisuwa, ya zare kwalbar daga hannun Baba.



"Baba, kashe shi kake yi."

Baba ya dubi hannunsa, ya dubi saurayin. "Samari, hawa nawa ka taɓa hawa?"

"Hawa ɗaya ne shagona, Baba."

"Ni na yi hawa ashirin da shida a kan igiya. Iska ba ta karɓe mini kwalba ba. Auta, raka baƙonki."

Hukuncin ya fito kafin la'asar, kuma gajere ne: wanda ya ƙwace masa kwalba a falonsa ba zai ɗauki 'yarsa ba.

Auta ta yi kwana tara ba ta amsa waya. Saƙonni suka taru. "Inuwata, na yi kuskure." "Inuwata, ki ba Baba haƙuri." "Inuwata, ko ba za ki amsa ba, ki ɗan matsar da shi daga bango, bangon nan na jiƙa da damina."

Wannan ta amsa: "Ni kake nema ko firam?"

Ya rubuto: "Ke. Amma ki matsar da shi."

Ta kife wayar. Ta kuma matsar da shi.

Ana cikin haka Gwaggo, ƙanwar Baba, ta kawo nata ɗan takara. Mai shagon fotokwafi ne, yana da injina huɗu da turare mai shiga ɗaki kafin shi. Ya gaida Baba yadda ya kamata, ya sha lemo, sannan ya kalli bango da izini.

"Wannan ai ƙaramin aiki ne, Baba. A ciro su a yi musu laminatin. Leda sama, leda ƙasa. Ko da bokiti ka ga dama ka wanke."

"Da bokiti?" in ji Baba, idonsa ya kawo haske.

"Har da sabulu."

"Ka ji yaron kirki, Yaya," in ji Gwaggo. "Ba mai fizge-fizge ba."

Aka sa ranar Asabar. Auta ta san abu biyu za su shiga injin nan tare, furannin Mama da maganar aurenta. Ta karya yajin waya.

"Asabar za a yi musu laminatin."

Kira ya shigo nan take. "Injin nan zafi yake yi kamar dutsen guga! Kuma in ledar ta kama, ta kama ke nan. Ina zuwa."

"Kada ka zo. Kai in ka zo ƙwace kake yi. Kana da wani busasshen fure?"

Ranar Asabar su uku suka je shagon fotokwafin, Baba rungume da firam, Gwaggo a gaba. Kafin a taɓa komai Auta ta zaro jan furen da Likita ya ba ta daga cikin littafin darasinta.

"Baba, ni ko jarrabawa sai na yi gwaji nake ba yara. A fara da wannan."

Mai fotokwafi ya yi dariya, ya sa shi cikin leda, ya tura. Injin ya ja. Abin da ya fito ta ɗaya gefen launin soyayyar albasa ne, ya tsage gida uku, kumfar iska ta kewaye shi.

"Injin bai gama hucewa ba ne," in ji shi. "Kawo na gasken."

Baba ya dubi ƙonannen furen. Ya ƙara matse firam ɗin a ƙirji, ya juya. A bakin titi ya tsaya, ya tambayi iska, ba Auta ba: "Shi marar kunyar nan, ina ne shagonsa?"

Da suka isa bai shiga ba. Ya tsaya yana duban gilashin gaban shagon, wanda rabonsa da wanki tun mai shagon na baya.

"Inna lillahi. A nan kake zaune, kake koya wa mutane tsabta?"

"Ina kallon na ciki ne, Baba, na waje ya sha mini kai."

"Riƙe wannan. Ka fasa, na fasa ka." Ya miƙa masa firam ɗin, ya zaro kwalba daga aljihu. Ashe da ita ya fito.

Minti hamsin kowa na aikinsa. Baba na waje yana fesawa yana mita. Likita na ciki, ya kwantar da firam ɗin a kan tebur, ya yanke tsohon salatif, ya zare ƙananan ƙusoshi goma sha biyu, ya ɗaga allon baya. Sai ya tsaya.

"Inuwata, kira Baba."

Tsakanin allon da kwalin akwai 'yar takarda a ninke, wadda wanda ya yi firam ɗin tun farko ya bari a ciki. Rubutun Mama ne. Baba ya manta tabarau, don haka Auta ce ta karanta:

"Malam mai firam, don Allah ka liƙe shi sosai ta ƙasa. Mijina mai wankin gilashi ne, kuma ba ya jin magana."

Gwaggo ce ta fara fashewa da dariya. Baba ya karɓi takardar, ya daɗe yana kallonta duk da ba ya ganin rubutun. Ya goge ido da tsumman aikinsa.

"Shekara talatin da biyu ina saman gini, bayan gilashi ba komai sai sakatarori," in ji shi. "Ban taɓa wanke wanda ke da abin lalacewa a ciki ba." Ya juya ga saurayin. "Jan zai dawo?"

"Ba zai dawo ba, Baba. Amma abin da ya rage zai tsaya, in an bar shi a inuwa."

"Kwana nawa?"

"Uku."

"Ɗauki huɗu. Ranar na biyar ka turo manyanka. Kuma in ka ƙara taɓa mini kwalba, na fasa."

An ɗaura auren bayan wata biyu. Baba ya sa musu albarka a taƙaice: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai jin magana, tun da shi an ce ba ya ji. Aka shafa.

Firam ɗin ya koma lungun korido da sabon kwali marar asid, a liƙe ta ko'ina. Takardar Mama tana ciki, inda take.

Mai fotokwafi bai riƙe abin a rai ba. Gudummawarsa kwafin takardar ce, leda sama, leda ƙasa. Ita ke rataye a falo yanzu, tana kallon taga.

Washegarin tarewa da ƙarfe tara da minti biyar saƙo ya shigo wayar amarya daga Baba: "Gaya wa mijinki na korido na fesa wa tsumma. Na falo kuma na yi masa da bokiti."