Kanwar Da Ba Ta Dafa Wake

Ranar wata Talata a daminar 1994 aka kawo wa Sufeto Ilu rahoto a ofishinsa na Gumel: sabuwar hanyar da ta tashi daga Sule Tankarkar zuwa ƙauyukan iyaka ta rufta da motar gero. Direban, Sajo, ya mutu nan take.

Kafin azahar har manya sun sami wanda za su rataya wa laifin. Injiniya Hezekiah ne, mutumin Filato, wanda ya kawo dabarar shimfiɗa jibsam a ƙarƙashin kwalta, wato farin garin da kamfanin takin zamani ke zubarwa a juji. Aka kulle shi, aka ce ranar Litinin za a kai shi kotu da laifin kisa. Abin ya ƙona wa Sufeto rai, don ba wanda ya ko leƙa ramin.

"Injiniya, shararka ta kashe mutum," in ji Sufeto ta bakin ƙofar sel.

"Ranka ya daɗe, in aka cuɗa garin nan da siminti aka danne shi, sai diga ke iya fasa shi. Je ka haƙa. In ka tarar da fari kamu ɗaya a wurin, ka rataye ni."

Sufeto ya je ya haƙa. Inda hanya ta tsaya lafiya, digar tsalle take yi a kan farin. Inda ta rufta kuwa, yashi ne zalla, an barbaɗa masa fari a sama kamar sukari a kan fura. Ya yi tsaki, ya nufi sansanin ma'aikata da ke ƙarshen hanyar.

Can ya tarar da Ɗantala, fomanin ɗan kwangila, mutum mai tumbi da saurin gaisuwa.

"Ina garin da aka sauke don wurin nan?"

"Yallaɓai, ruwa ne ya narkar da shi. Ni tun farko na faɗa, ina aka taɓa yin titi da shara?"

"Ruwan ya zaɓi taku ɗari ya narkar, ya bar sauran?"

"Ikon Allah ke nan, yallaɓai."

Ba abin da Sufeto ya tsana irin a jingina wa Allah aikin ɓarawo. Ya haɗiye fushinsa ya zaga bayan rumfa. A nan ya ga tarin buhunan gishiri, wankakku, an shanya su a rana. Ya riƙe abin a ransa, ya tafi.

Ranar Alhamis ya shiga kasuwar Maigatari cikin farar kaftani. Yunwa ta zaunar da shi gaban wata mai shinkafa da wake, Iya A'i, ya sa cokali ya ji waken kamar tsakuwa.

"Iya, yau da wa kika yi faɗa?"

"Ɗan nan, ka bari kawai. Garin kanwa na saya mai araha, tun asuba wake ke kan wuta ya ƙi nuna. Fulani ma kuka suke, sun ba shanu, shanu na ta zawo. Allah ya isa."

Ta miƙo masa ƙullin. Ya murza, ya ɗanɗana. Ɗan gishiri ne a sama, sauran kuwa farin da digarsa ta yi tsalle a kai ne. Ta nuna masa rumfar mai sayarwa.

Ubale mai kanwa ya fara da rantsuwa cewa daga Damagaram raƙuma suka kawo. Sufeto ya juya buhun, ga baƙin kwalta manne a gindinsa.

"Raƙuman Damagaram kwalta suke taka yanzu?"

Da ankwa ta fito, bakin Ubale ya buɗe. Tifa ce ke kawo masa duk Laraba, kuma mai tumbin nan ne ke zaune a gaba.

Washegari da hantsi Sufeto ya dire buhun a gaban Ɗantala, Ubale na tsaye a gefe. Fomanin ya dubi buhu, ya dubi Ubale, gaisuwar ta ƙare.

"Yallaɓai, na sayar. Amma tsakani da Allah, abin da aka zubar a juji sata ce? Kamfanin ma roƙo yake a kwashe masa. Ni ban san yashi zai rufta ba."

"Sajo ya bar 'ya'ya biyar," in ji Sufeto. "Wani kuma kwana uku yana kwance a kan siminti saboda kai. Tashi."

Aka jefa Ɗantala bayan mota. Sufeto ya san wannan "ban sani ba" ita lauya zai riƙe, kuma za ta iya sa a sassauta masa, a bar Injiniya da rabin laifi. Ransa a dagule suka hau sabuwar hanya, kofur na tuƙi.

Tun ba su kai inda motar Sajo ta faɗa ba, a wani wuri mai santsi, baƙi ƙirin, ba ko tsaga, Ɗantala ya fara dukan ƙarfen mota da ankwa.

"Kofur, sauka gefe. Don Allah kada ka hau nan, bi ta gona."

Kofur ya taka birki. Sufeto ya juyo a hankali ya ƙura masa ido.

"Ashe ka sani."

Ɗantala ya sunkuyar da kai.

"Wuri nawa ne?"

"Huɗu, yallaɓai."

Sufeto ya fito ya sa aka jera duwatsu aka tare hanyar, don motar 'yan makaranta na bi ta nan da azahar. Sannan ya ɗauki rediyo ya ce a buɗe wa Injiniya Hezekiah ƙofa, a kawo shi da diga ya duba sauran wuraren.