Ta Gida Ta Ishe Ka, Baba

Ranar da Dogo ya fara ganin Auta, bakinsa cike yake da biredi. Ya faki idon maigidansa ya tura loma ke nan a bayan teburin sayar da kaya, sai ƙofar gilashin shagon ta buɗe, wani dattijo mai tsayayyen wuya ya shigo, 'yarsa Auta na biye da shi riƙe da jakarsa. Ta dubi kumatun Dogo, ta dubi ɓarɓashin da ke gaban rigarsa, ta kau da kai tana danne dariya. Haka ya haɗiye lomar ba tauna, har idonsa ya kawo ruwa.

"Sannunku da zuwa, Baba. Me za a kawo?"

"Kwamfuta ta ɗorawa a cinya. Littafi zan rubuta."

Dattijon tsohon safiyo ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna filaye da hanyoyi, yanzu ya ajiye aiki, yana so ya rubuta abin da ya gani tun kansa bai fara zubar da shi ba. Auta ta ƙara da cewa yana kuma son ya riƙa ganin jikokinsa ta bidiyo. Muryarta a hankali take fita, amma Dogo ya ji ta har cikin ƙashinsa.

Suka zaɓi kwamfuta. Saura manhajar da za ta tafiyar da ita, wadda iri biyu ce a shagon: akwai ta gida, akwai ta ƙwararru mai tsada. Dogo ya san bambancinsu kamar yunwar cikinsa. Ta ƙwararru an yi ta ne don ma'aikatu: ana iya shiga kwamfutar daga wani gari a yi aiki a cikinta, ana iya kulle duk abin da ke ciki yadda ɓarawo ba zai karanta ba, ana iya haɗa ta da kwamfutocin ofis mutum ɗaya ya riƙa juya su. Wanda zai yi rubutu ya gaisa da jikoki, babu ruwansa da ko ɗaya a ciki.

Sai dai maigidan shagon na tsaye a gefe yana gyaran murya, kuma akwai ɗan kamasho ga duk wanda ya sayar da mai tsadar. Ga kuma yarinya kyakkyawa tana kallo, shi kuwa Dogo yana son a san ya iya bakinsa.

"Baba, ta ƙwararru ta fi sauri, ta fi ƙarko," ya faɗa, alhali ya san saurinsu ɗaya. "Mutum irinka, ƙwararre, ai ita ta dace da shi."

Fuskar dattijon ta washe. Auta ta matso kusa da kunnensa.

"Baba, kuɗin firinta fa? Shi ke nan zai tafi."

"Firinta ta jira," in ji Baba.

Dogo ya ji wani abu ya ɗan soke shi a ƙirji, amma ya rubuta rasit. A kan rasit ɗin ne ya sami lambar Auta, wai don ko kwamfuta ta ba da matsala.

Kwamfuta ba ta ba da matsala ba, Dogo ne ya kasa zama lafiya. Washegari ya tura saƙo:

"Barka da rana. Mai biredin jiya ne. Ina fata kwamfutar Baba tana lafiya, kuma mai riƙe masa jaka ta fi ta lafiya."

Sai da ta gama aikinta a ɗakin gwajin jini na asibiti sannan ta amsa:

"Kwamfuta lafiya lau. Mai riƙe jaka ta ce a gaya maka ka riƙa tauna abinci, Injiniya."

Daga nan sunan ya bi shi. Ita tana kiransa Injiniyana, shi yana kiranta Haskena, kuma ba a daɗe ba ya zama ɗan gida. Baba da kansa yake buɗe masa ƙofa. Ya ja shi falo, ya nuna masa babin da ya rubuta, in baƙo ya zo ya ce, "Ga yaron da ya zaɓa min. Ta ƙwararru ce, ba irin ta yara ba." Duk lokacin da ya faɗi haka, Dogo sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya yi murmushin dole, ya sunkuyar da kai, su kuwa su ce yaro ne mai kunya.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ganin Auta ta taso daga aiki a gajiye, ta kwafi rubutun Baba a filashi ta tafi shagon buga takardu ta bi layi, don Baba ba ya iya gyaran rubutu sai a kan takarda. Sau da yawa ya buɗe baki zai gaya mata, sai ta dube shi ta ce, "Injiniyana, me ya faru?" ya ce, "Ba komai, kallonki nake."

Baba yana da wurin hira, wani dogon benci a ƙofar shagon aski inda tsofaffin ma'aikata ke taruwa da yamma su gyara duniya da baki. A nan ya cika abokansa da labarin manhajarsa, har wani tsohon akawu ya ji ba zai yarda a bar shi a baya ba. Shi dai Akawu yana da ɗa ma'aikacin banki wanda ya daɗe yana son Auta, ita kuwa ko gaisuwarsa da ƙyar take amsawa, abin yana nan a ran tsohon.

Wata safiya sai ga Akawu a shago.

"Kai ne surukin Safiyo mai jiran gado? Irin tasa nake so, kada ka rage min komai."

Dogo ya tambaye shi me zai yi da ita. Ya ce karanta jarida, da kallon wa'azi, da lissafin 'yan hayarsa. Maigidan shagon ya fara gyaran muryar nan tasa. Dogo ya dubi furfurar tsohon, ya tuna Auta a layin buga takardu, ya ji ba zai iya maimaitawa ba.

"Baba, ta gida ta ishe ka. Duk abin da ka lissafa za ta yi maka, saurinsu ɗaya. Ka riƙe sauran kuɗinka."

Akawu ya kalle shi ta saman tabarau.

"Saurinsu ɗaya? To shi Safiyo me yake yi da tasa da ni ba zan yi ba?"

Dogo ya sunkuya yana rubuta rasit. Akawu ya biya kuɗin ta gida, ya fita yana murmushi irin na wanda ya tsinci abu a hanya.

Da yamma maganar ta fashe a kan benci. Akawu bai rage komai ba, har da ƙari. Ya ce yaro ya duba ya ga wanda za a iya yi wa wayo ya yi masa, ya ga mai ido ya faɗa masa gaskiya. Aka yi ta dariya, har mai aski sai da ya ajiye almakashi. Baba ya tashi ya tafi gida ba sallama.

Saƙon Auta ya iske Dogo yana rufe shago:

"Baba ya ce kada ka ƙara taka masa gida. Ya ce wanda ya sayar wa tsoho abin da ba ya buƙata da daɗin baki, da daɗin bakin zai sayi 'yarsa. Ni tambaya ɗaya gare ni. Ka sani a ranar, ko ba ka sani ba?"

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Daga ƙarshe ya tura:

"Na sani, Haskena. Na so kamasho, na kuma so in burge ki. Ba ni da wata hujja."

"Ina tsaye a wurin na ce masa kuɗin firinta ne, kana ji. Ka ba ni kunya, Injiniya, har na kasa kallon Baba."

Bayan wannan ta daina amsa masa. Ya ji labari ɗan Akawu ya fara zuwa gaishe da Baba da kwandon 'ya'yan itace. Dogo ya rame, ya zama ko biredin ba ya shiga. Ya sayi firinta ya aika gidan, aka dawo da ita ko kwalin ba a buɗe ba. Sai ya kai wa yayarsa kuka, matar da ba ta iya rarrashi ba.

"Kai wawa ne," in ji ta tana ninke kayan wanki. "Kana tsammani kuɗinsa yake wa baƙin ciki? Mutumin nan ya daina fita hira. A gaban abokansa ka zubar masa da girma, sannan ka aika masa kwali a ɓoye?"

Maganar ta zauna masa. Da yammar ya wuce shagon aski, ya tarar da tsofaffin a jere, Baba ba ya cikinsu. Ya roƙi mai aski ya je ya taho da shi. Da ƙyar Baba ya zo, ya tsaya daga nesa, hannu a baya.

Dogo ya durƙusa a gaban bencin, a bakin titi, masu wucewa na kallo. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Iyayena, na zo in gyara magana ne. An ce na yi wa Baba wayo don ba shi da ido. Ba haka ba ne. Baba ya tambayi mai sana'a, ya yarda da amsarsa, yadda shi ma mutane suka yarda da awonsa shekara da shekaru ba su bi shi da igiya ba. Ni na ci amanar. Gaskiyar da na faɗa wa Baba Akawu kuwa, a gidan Baba na koyo ta, don tun da na fara shiga gidan kunya ta hana ni sakat. In za a yi dariya, ni za a yi wa."

Babu wanda ya yi dariyar. Akawu ya shiga goge tabarau ba gaira ba dalili. Baba ya daɗe yana kallon Dogo, sannan ya zo ya zauna a wurinsa na kullum.

"Tashi, kana tara min jama'a. Tunda na biya, sai na ci kuɗina. Duk abin da ka ce tana yi, za ka zo ka koya min, ɗaya bayan ɗaya. Maganar Auta kuwa ban ce komai ba."

Haka Dogo ya koma malamin dole. Baba ɗalibi ne mai wahala, ba ya barin tambaya ta kwana. Ya koyi kulle littafinsa, ya sa Dogo ya maimaita masa har muryarsa ta dishe. Ya koyi shiga kwamfutarsa daga wayar babban ɗansa, ya yi ta yi daga tsakar gida zuwa falo, tafiyar da ƙafa ta fi sauri. Auta takan ajiye musu shayi ta wuce ba ta ko dubi inda Dogo yake ba. Sai wata rana ya ga saƙo:

"Ka gyara kwalar rigarka, Injiniyana. Tun ɗazu take a karkace."

Ya karanta ya fi a ƙirga, a gaban Baba, yana ta ƙoƙarin haɗe fuska.

Ranar da suka gama darasi na ƙarshe, Baba ya rufe kwamfutar, ya ɗora hannu a kanta.

"Duk wannan babu abin da zai ƙara wa littafina, ko?"

"Babu, Baba."

"Na sani. Tun a shagon jikina ya ba ni." Ya juya yana kallon taga. "Ba saurin da ka ce ne ya sa na saya ba. Tun da na ajiye aiki babu wanda ya ƙara ce min ƙwararre. A gida Baba, a titi tsoho. Sai ga yaro ya faɗa a gaban 'yata. Kalmar na saya, ɗana, kuma na san tsadarta. Da na yi fushi da kai, rabin fushin da kaina nake yi."

Dogo ya kasa ɗaga kai, hawaye na ɗiga a kan gwiwarsa. Ya zo da shirin a yafe masa, bai zo da shirin dattijo ya buɗe masa cikinsa haka ba.

"Ka turo manyanka," in ji Baba. "Auta! Daina laɓewa a bayan labule, ina ganin ƙafarki."

Aka ɗaura aure cikin taro mai albarka. Akawu ma ya zo, ya ci ya sha, ya fi kowa ɗaga murya wajen addu'a. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannun Auta ya sa a na Dogo, a gaban 'yan bencin nan gaba ɗaya.

"Ga ta nan. Na auna yaron nan da kaina, ban aiki kowa ba. Ya taɓa yi min ƙarya, ya zo gaban mutane ya ɗauke ta a kansa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa ku riƙa jin kunyar juna har tsufa."

Aka amsa da amin. Auta ta matse hannun mijinta, ta ce a hankali yadda shi kaɗai zai ji, "Ɗago kanka mana, Injiniyana. Baba na kallonka."

Ya ɗago.