Sai Bilan Ya Fito

Ranar da Hamdiyya ta fara ganin Siradji, tsugune yake a gaban mahaifinta cikin wani kango da ake ginawa a unguwar Habbena ta N'Djamena, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, kwamfutarsa buɗe a kan bulo. Tallan manhajar kamfaninsu ya zo yi, Soro-Plan, wadda ake zana gida da ita tun ba a haƙa harsashi ba, ta nuna ɗakuna da tagogi har da inda ruwan sama zai bi. Yana tsaka da bayani kwamfutar ta ɗauki zafi ta mutu murus.

Mahaifin nata, Alhaji Abdulmutallib, tsohon ɗan kwangilar gini, ya kyalkyale da dariya ya miƙe.

"Abin da rana ke kashewa shi za ka sayar mini a garin nan?"

Ya wuce wajen leburorinsa. Aka bar Hamdiyya, wadda ita ke zana wa mahaifinta taswirar gini tun da ta gama karatu. Ta ja kwamfutar zuwa inuwar katanga, ta yagi murfin kwali ta shiga yi mata fifita.

"Ni ma da za a ɗan taimaka mini," in ji Siradji.

"Kai ai ba ka mutu ba tukuna."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ta sunkuyar da kai, tana mamakin yadda bakinta ya kuɓuce a gaban baƙo.

Siradji ɗan Maraɗi ne. Uwar kamfanin tana Yamai, su suka turo shi ya buɗe musu biro, wato ofis, a unguwar Chagoua, wani ɗan ɗaki a saman shagon masu walda, inda sai an ɗaga murya ake jin juna. Ya sa wa Hamdiyya manhajar ta gwada, ya ba ta lambarsa ko za ta yi tambaya. Tambayoyin kuwa suka ƙi ƙarewa. Kafin ta ajiye waya ya ba da amsa, shi ya sa ta raɗa masa Sarkin Gaggawa.

Wata safiya tana haɗa shayi saƙonsa ya shigo.

"Injiniyata, yau ba ki yi tambaya ba. Ko dai kin iya komai ne? In haka ne na shiga uku, don ban san da wace hujja zan ƙara jin muryarki ba."

Ta karanta, ta sake karantawa, shayin ya tafasa ya zube. Ta rubuta masa: "Hujja ɗaya ce ta rage, kuma ba a waya ake kawo ta ba. Gidanmu yana da ƙofa."

Bai ɓata lokaci ba. Ya ɗauko kawunsa Zakariya, wani ɗan kasuwa mazaunin Ngueli, suka zo gaisuwa. Hamdiyya ta laɓe a bayan labule.

Alhaji ya karɓe su hannu bibbiyu, aka sha shayi, sannan ya gyara zama.

"Malam Zakariya, yaron nan ban ga aibunsa ba. Amma wanda aka aiko, ana iya kiransa gobe. 'Yata ta fari, Hanatu, mutumin ƙasarku na ba, ya tafi da ita, yau sai dai in ji muryar jikokina a waya. Sannan sana'ar tasa ban gane mata ba. Ni siminti na sani da ƙarfe, abin da ake taɓawa da hannu. Shi kuwa me yake sayarwa?"

Siradji ya ce, "Baba, ƙarshen shekara kamfani kan fitar da bilan, wato lissafin ciniki, a ga abin da kowane biro ya yi. Nan za a san ko sana'ar mai riƙe gida ce."

"To, kalas, shi ke nan. Sai bilan ya fito. In kamfaninku ya tsaya da ƙafarsa a N'Djamena, ka dawo."

Daga ranar Hamdiyya ba ta ƙara samun sukuni ba. Ita da ba ma'aikaciyar Soro-Plan ba, ta fi masu kamfanin damuwa da cinikinsa. Da ta idar da sallar asuba sai ta jawo waya: "Jiya mutum nawa suka saya?" Wani lokaci ya amsa da murna, wani lokaci ya aiko mata da hoton fankar ofis kawai, ta gane babu labari.

Damina ta sauka, gine-gine suka tsaya cak. Ruwa ya kwanta a unguwanni, masu gini suka rufe kanguna suka zauna a gida. Ba mai sayen manhajar zane alhali ba ya gini. Siradji ya rame, ita ma abinci ya daina shiga. Takan fara zane ta goge, ta tashi ta leƙa ƙofa, ta dawo ta zauna, ba ta san abin da take nema ba.

A cikin wannan hali ne Zubair ya yawaita zuwa. Shi ke shigo wa Alhaji da siminti daga Kousseri, gidansu kuma layi biyu ne tsakani da nasu. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, bai taɓa zuwa hannu rabbana ba. Alhaji bai ce mata komai ba, sai dai duk ranar da Zubair ya tafi yakan ce, kamar da kansa yake magana, "Wannan ko tari ka yi a gidanka zai ji."

Ta gaya wa Siradji. Sai ya tambaye ta a waya:

"Habibti, in shekarar nan ta ƙi fa?"

"Ba za ta ƙi ba."

"In ta ƙi?"

"Sai mu nemi wata shekarar. Ka daina yi mini irin wannan tambayar."

Ba ta tsaya ga lallashi ba. Ta bi abokan karatunta ɗaya bayan ɗaya, masu zane da injiniyoyi, ta haɗa su da shi. Da ruwa ya janye, mutanen da gidajensu suka jiƙa suka fara neman wanda zai nuna musu inda ruwa zai bi kafin su sake aza bulo. Abin da Soro-Plan ta fi iyawa ke nan. Ɗan ɗakin Chagoua ya cika, har aka ari benci daga masu walda. Siradji yana Habbena da safe, da azahar yana wata unguwar a bayan babur, saƙonsa ya koma gajere.

"Injiniyata, yau ko ruwa ban sha ba. Amma ina ta murmushi kamar sabon mahaukaci. Ki ci gaba da addu'a."

Disamba ta kama, aka kira shi Yamai taron ƙarshen shekara. Kwanakin farko yana kira safe da yamma. Daga baya sai kiran ya ja baya, in ta tambaye shi yadda bilan ya kasance sai ya ce, "Lafiya lau, sai na zo." Muryar ba irin ta mai lafiya lau ba ce. Hamdiyya ta kasa zaune ta kasa tsaye. In ya yi kyau, me ya hana shi faɗa? In bai yi ba, me yake jira?

Zubair ne ya kawo amsar. Ya zo da la'asar, Alhaji yana zaure, ita kuma ta kawo musu ruwa. Ya miƙa wa Alhaji wayarsa.

"Alhaji, ka taya baƙonku murna. Kamfaninsu ya sa a shafinsa. Biron N'Djamena ne ya fi kowane biro ciniki bana. Har sun ƙara masa girma, shi zai je ya buɗe musu babban ofis a Douala."

Hamdiyya ta ajiye tiren ruwan. Alhaji ya daɗe yana kallon wayar, ya mayar masa, ya dubi 'yarsa.

"Kin ji ko? An kira shi."

Ta shige ɗaki. Abin da ta yi wata da watanni tana roƙon Allah ya ba su, ga shi ya zo, kuma shi zai raba su. Abin da ya fi ci mata rai, a bakin Zubair ta ji. Siradji ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya sake kira, ta kife wayar. Saƙo ya shigo.

"Na san kin gani. Don Allah kar ki yanke mini hukunci ina nesa. Gobe ina tafe. Ba abin da kike zato ba ne, hasken idona."

Ba ta amsa ba. Ta share ɗakin da ta riga ta share, ta ninke kayan da ke ninke.

Washegari da yamma ya iso, jakarsa a kafaɗa, ko masauki bai biya ba. Ta fito zaure ta tsaya nesa da shi.

"Ina taya ka murna, mutumin Douala."

"Ba ni zuwa. Na faɗa wa shugabarmu, Madam Salamatou, ba ni so. Sun sa a shafi tun ban ba su amsa ba. Ta ce in je in yi tunani har sabuwar shekara, amma ni na gama tunanina. Shi ya sa na yi shiru, so nake in kashe maganar kafin ta iso gare ki."

Ya zaci za ta yi murmushi. Sai ya ga idonta ya kawo ruwa.

"Ka ƙi?"

"Saboda ke."

"Ka tambaye ni?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Shekarar nan tare muka yi ta, Siradji. Ranar da babu ciniki ni ma ba na cin abinci. Sai da abin ya nuna za ka je ka zubar da shi kai kaɗai, ka zo ka ce saboda ni? Wa ya ce maka ina tsoron Douala? Can ba a gini ne?"

"Baba fa?"

"Abba nawa ne. Ka bar ni da shi."

Ya zauna a kan dakali. Can ya ce a hankali, "Na yi kuskure, habibti. Gaggawata ce. Ki yafe mini."

"Je ka ci abinci. Ka ga yadda ka koma kuwa?"

Da safe ta bi mahaifinta wurin gini. Ta same shi yana duba jerin bulo, ta tsaya a gefensa har ya gaji ya juyo.

"Abba, kai ka kafa sharaɗi, kuma ya cika."

"Ya cika." Ya ɗauki bulo ya juya shi ya ajiye. "Na kafa ne don ina zaton ba zai cika ba."

"Ya ce musu ba ya zuwa. In ka ce mu zauna, za mu zauna, ba zan taɓa tsallake maganarka ba. Sai dai kullum na dube shi zan riƙa ganin abin da ya bari saboda ni. Kai ma za ka riƙa gani."

"Ke kina son tafiyar?"

"Ina so, Abba. Kuma ina son in tafi da albarkarka."

Alhaji ya juya ga aikinsa. Ya kira wani lebura ya yi masa faɗa a kan kwaɓin da ba shi da laifi, ya hau bene ya sauko, ya sake hawa. Hamdiyya ta koma gida ba ta san matsayinta ba. Yinin ranar ko zama ba ta yi ba, motsi kaɗan ta leƙa ƙofa.

Bayan la'asar Alhaji ya aika a kira Siradji da kawunsa.

"An ce ka ƙi girman da aka ba ka."

"Haka ne, Baba."

"Ka kira matar nan ka ce ka karɓa. Ba zan ba da 'yata ga mutumin da ni na karya masa ƙafa ba." Ya yi gyaran murya, ya kau da kai gefe. "Abu ɗaya nake roƙo. Duk damina, in gini ya tsaya, ka kawo mini ita in gan ta da idona. Ba na son waya."

Siradji ya durƙusa. "Na yi alkawari, Baba. Ni da kaina zan kawo ta."

Malam Zakariya ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. A bayan labule Hamdiyya ta toshe baki da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata.

Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji cikin watan Janairu. Layin ya cika da magina da masu zane, masu waldan Chagoua ma sun rufe shago sun zo. Zubair bai ƙi zuwa ba, ya miƙa wa ango hannu ya ce Allah ya sa alheri, ya koma gefe.

Da za a kai amarya, aka shigar da ita wurin mahaifinta. Ta durƙusa a gabansa, ya ɗora hannu a kanta.

"Ki je, Hamdiyya. Ban taɓa yin baƙin ciki da ke ba, Allah ya sa mijinki ma ya faɗi haka. Allah ya zaunar da ku lafiya a duk ƙasar da kuka sauka, ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku."

Ɗakin ya amsa da amin. Siradji yana tsaye a bakin ƙofa, kansa a sunkuye, tasa amin ɗin ta fi ta kowa ƙarfi.