Tuffar Ƙofar Gidan Radomir

Ranar da Slavko ya fara ganin Zorka, ƙofar motarsa ce ta ɓalle a gangaren kogin Drina, kankana ta dinga zubowa tana tarwatsewa a titi. Yana tsaye ya ɗora hannu a ka, sai ga budurwa bisa keke tana dariya har da hawaye.

"Pukla!" in ji ta, wato ta fashe. "Bawan Allah, shekara guda ina rubutu a jami'a kan asalin kalmar nan da yadda take juyawa, sai yau na ji ta da kunnena. Daga ƙarar fashewar aka samo ta."

"To malama, in kin gama karatun, taya ni tsince masu rai."

Ta taya shi. Kafin kaka ta ƙare, shi ma ya zama abin tsinta, don so ya kayar da shi warwas.

Sai dai mahaifinta Radomir tsohon maharbi ne mai taurin kai, kuma Dragan abokin farautarsa yake wa sha'awarta. A garinsu ango ba ya shiga gidan amarya sai ya harbo tuffar da aka kafa a saman bishiyar ƙofar gida. Slavko kuwa yaƙi ne ya cinye mahaifinsa, ya yi wa uwarsa rantsuwa ba zai taɓa riƙe bindiga ba.

"Babu tuffa, babu amarya," in ji Radomir.

Slavko ya ɗauke ƙafa kwana da kwanaki. Dragan ya baza cewa ya tsere. Zorka ta sha kuka, ta tura wa Slavko saƙo: "Raina, in ka fasa, faɗa min da bakinka."

Amsa ta zo: "Zinariyata, in fasa numfashi? Ina gona ina shiri. Ki dai ɗinka rigarki."

Ranar biki Radomir ya ƙara wa tuffar doguwar sanda don mugunta, sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi kafin ka hango ta. Masu kakaki suka yi tsit. Dragan ya miƙo bindigarsa yana murmushi.

"Karɓi, mai kankana. Ko in harbo maka, in shiga a madadinka?"

Slavko ya dubi mahaifiyarsa, ya zaro danƙo daga aljihun rigar angonci, irin wanda ake korar hankaki da shi a gona. Jama'a suka kwashe da dariya. Dutsen farko ya wuce ta gefe. Zorka na leƙe ta taga. Slavko ya ja na biyu har kunne, ya saki.

Fus! Tuffa ta tarwatse, ɓawonta ya zubo a kan gashin bakin Radomir.

Kakaki ya ɓarke, mata na shewa, mahaifiyar Slavko na kukan daɗi. Dragan ya saɓa bindigarsa ya sulale.

Radomir ya share baki, ya daɗe yana kallon saurayin, sannan ya wangale ƙofa da hannunsa.

"Wanda ya riƙe alkawarin uwarsa a gaban gari guda yana masa dariya, zai riƙe min 'yata. Shigo, ɗana. Allah ya yi muku albarka."

Zorka ba ta jira an fito da ita ba, da gudu ta sauko ta tarye shi a tsakar gida.