Hasken Ƙurar Gawayi

Wata mai binciken kimiyya ta daɗe tana harbin gawayi da tsinin hasken na'urar lesa a cikin kwalbar ruwa, tana son gano inda ƙurarsa ke samo shuɗin haskenta. Rannan dare ya riske ta a ɗakin gwaji, ɗakin da ba shi da taga, ƙofarsa kuma kulle kanta take yi idan na'ura na aiki.

Kwatsam aka ɗauke wuta. Ta jijjiga ƙofar, ko gezau. Ta yi ta ƙwala wa mai gadi kira har muryarta ta dishe. Fitilar da ke sa ƙurar ƙyalli ta mutu, amma kwalbar ba ta daina haske ba.

Sai ƙaurin ƙonannen itace ya cika ɗakin.

"'Yata, bar wahalar da hannunki," in ji muryar wani dattijo a bayanta.

"Baba, ta ina ka shigo?"

"Kullum muna tare, ba ki taɓa yi mini sallama ba."

Ta waiga a hankali. Wani tsoho ne a tsugune, baƙi wuluk kamar gawayi. Jikinsa duk ƙananan ramuka sababbi irin na harbin lesa, kowane rami yana tsiyayar da shuɗin haske.