Rabon Habibatu a Garken Hammajoda

Ana saura wata guda a karɓi 'yancin kai, Habibatu na tuƙa tuwo a gidansu na Ƙofar Wambai, sai ga Baffa Babayo ya faɗo da sanda, ko sallama babu.

"Gobe a gaban alƙali za ki ce ke mata-maza ce. Kin ji ni?"

Gaskiya ne da halitta biyu aka haife ta, amma mace ta tashi, mace ta girma. Mahaifinta Hammajoda ya rasu ya bar mata garke ita da wanta. Shi kuwa Baffa, da ke riƙon rabonta, ya tsinto a bakin malamai cewa mata-mazan da aka kasa tantancewa rabonsa ya ɗara na mace, sannan ba a ɗaura masa aure. Ka ga shanu sun ƙaru, kuma sun dawwama a hannun Baffa ke nan. Kai, duk iya shegena, nan na sara masa!

Habibatu ta ce, "Baffa, Mijinyawa fa? Ya kawo goro..."

Tas! Mari ya kifar da ita kan murhu, leɓe ya fashe, sanda ta bi baya. Mijinyawa direban lori, da ke zaure, ya ji ihu ya kutso. Ƙwal! Sandar ta karye a goshinsa, jini ya wanke masa fuska.

"Ɗan tasha! Ka san abin da za ka aura?"

"Na sani, Baffa. Da bakinta ta gaya mini. Ita nake so!"

Washegari ya raka ta kotu, kai naɗe da bandeji. Baffa na harararta, ta durƙusa gaban alƙali.

"Allah gafarta malam, ni mace ce. Ina ganin wata kamar kowace mace. A ba ni rabona ko kaɗan ne."

Alƙali ya sa dattijai mata biyu suka keɓe da ita, suka dawo suka shaida.

"Alama ta bayyana, babu ruɗani. Rabon mace, aure kuma halal." Alƙali ya dubi leɓenta. "Wa ya yi wannan aiki?"

Baffa ya fara laluben takalmi. Ɗan doka ya riga shi ƙofa.

Aka ɗaura aure Baffa na kwance rub-da-ciki, yana jinyar bulalar alƙali. Yara, ku riƙe: kwaɗayi mabuɗin wahala ne, mai haƙuri kuwa shi ke dafa dutse ya sha romo.